Yadda Ake Haɗa Tafiyar Jirgi Zuwa Birnin Kebbi da Fitar da Iyali Cin Abincin Dare a Rana Guda

Wanda ya saba zuwa gida ta mota daga Abuja, ya bi ta Minna, Kontagora, Yawuri, Koko har Jega, ya san wuni cur ake yi a hanya, kuma in ya shigo Birnin Kebbi ba abin da yake nema sai ruwan wanka da makwanci. Jirgi ya mayar da wannan doguwar tafiya kimanin awa guda a sama. Shi ya sa mai zuwa hutun kwana biyu ko uku yakan ce, tunda da rana zan sauka, bari in fita da su Baba da Inna da yara mu ci abinci a waje a daren, kafin 'yan gaisuwa su cika gida washegari. Abu ne mai yiwuwa sarai. Inda ake tuntuɓe shi ne a ɗauki lokacin da ke jikin tikiti a gina lokacin abinci a kansa. Abin da ke jikin tikiti niyyar kamfani ce kawai. Hazo, hadari ko makarar jirgin a wani gari duk suna iya ture ta. Don haka tsarin nan a kan abu biyu ya tsaya: saukar jirgi ce ke sa lokacin abinci, kuma sai an sami mutum a gida da zai riƙe shirin har ka taka ƙasa.

ABUBUWAN DA ZA KA TANADA

Na tafiya:

- Tikiti da lambar rajistarsa, wadda yawanci haruffa ne da lambobi guda shida. Ɗauki hotonsa a waya, kada ka tsaya neman saƙon imel a gaban kanta alhali data ta ƙi.
- Katin shaida mai hoto: na NIN, fasfo, lasisin tuƙi ko katin zaɓe.
- Akwati ɗaya da za a auna, da jaka ɗaya ta hannu.
- Waya cike da caji, caja da fawa-banki.
- Maganin da kake sha kullum, in akwai.
- Kayan da za ka sa da daren, har da hula, a ninke cikin jakar hannu.
- Tsabar kuɗi da za su iya biyan aƙalla rabin abincin, da katin banki biyu na bankuna daban-daban in kana da su.
- Ƙaramar sallaya, da cingam ko alewa.

Na gida:

- Wakili guda ɗaya: ƙane, yaya ko maiɗakinka, wanda wayarsa ba ta mutuwa kuma manya suna jin maganarsa.
- Motar da za ta ɗauko ka daga filin jirgi, da motocin da za su kwashi iyali da dare.
- Lambar wayar gidan abinci biyu, na farko da na ko-ta-kwana.
- Sunayen masu zuwa a rubuce.

1. ZAƁEN RANA DA JIRGI

Filin jirgin Birnin Kebbi, wato na Sir Ahmadu Bello, yana Ambursa. Jiragen fasinja da ke sauka a nan ba su da yawa, kuma jadawalinsu yana sauyawa, saboda haka fara da duba ranar da ake da jirgi kafin ka sa wa iyali rana. Sayi tikiti mako biyu kafin tafiya, a shafin kamfanin ko ofishinsa ko wurin dillalin da ka sani. Gab da Sallah, ƙarshen Disamba da lokacin bikin kamun kifi na Argungu kujeru kan ƙare da wuri, farashi kuma ya hau.

In akwai zaɓi, ɗauki jirgin safe. Da sanyin safiya ake kama fara, kuma a nan akwai dalili na zahiri: jirgi guda ne ke zirga-zirga tsakanin garuruwa da yawa a wuni, makarar minti 30 da ya yi da safe tana taruwa ta zama awa biyu kafin yamma. Da damina kuma hadari ya fi haɗuwa da la'asar zuwa dare. Daga Disamba zuwa Fabrairu matsalar hazo ce: in ƙura ta rufe sararin sama matuƙi ba ya iya hango titin sauka daga nisan da doka ta ƙayyade, sai a jira ko a soke tashin gaba ɗaya. A watannin nan, shawarar da ta fi ita ce ka sauka yau, a fita gobe. In ka nace sai a daren, ka shirya wa sokewa tun farko.

Tambayi kamfanin ko jirginsu yana sauka a Ambursa bayan faɗuwar rana. Wasu filayen jiragen ƙasar nan ba sa karɓar jirgi da dare, wanda ke nufin makarar yamma tana iya komawa sokewa.

In babu jirgin Kebbi a ranar, akwai filin Sultan Abubakar III na Sakkwato. Daga can zuwa Birnin Kebbi kimanin kilomita 150 ne ta Argungu, ta Tambuwal da Jega kuma ya ɗan fi haka, ka ƙiyasta awa biyu da rabi. Wannan zaɓin yana da kyau ne kawai in za ka sauka Sakkwato kafin Azahar. Kada alkawarin abinci ya sa ka kama hanyar da dare.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki shi ne suna. Katin NIN ya ce Muhammad, tikiti ya ce Mohammed, ko an rubuta Ali a madadin Aliyu, ko an bar sunan mahaifi. Rubuta shi harafi da harafi yadda yake a katin da za ka nuna. In ka ga kuskure, kira kamfanin a gyara tun da kwanaki, don gyaran ranar tafiya yana cin lokaci, wani sa'in har da kuɗi. In da iyali za ka taso, jaririn da bai kai shekara biyu ba a cinya ake riƙe shi amma shi ma sai an yi masa rajista, mai juna biyu kuma da ta wuce mako 28 yawancin kamfanoni suna neman takardar likita.

2. SANAR DA GIDA

Wannan mataki ya fi na tikiti wuya, kuma shi ne wanda aka fi rainawa. A gidajenmu, ɗa ba ya dawowa daga tafiya a rasa abincin tarba. In ba ka yi magana da wuri ba, za ka iso ka tarar an yanka kaza, an tuƙa tuwon shinkafa tun La'asar, sai ka ce a tashi a tafi cin abincin saye. Ko Inna ba ta ce komai ba, abin zai tsaya mata a rai.

Kira Baba da kanka, kwana uku ko huɗu kafin ranar: "Baba, in Allah ya kai mu Juma'a ina tafe, kuma ina roƙon alfarma da dare mu fita gaba ɗaya mu ci abinci." Sannan Inna: "Inna, kada a wahala da girkin dare ranar, na ɗauke muku." Za ta ce, "To mi za ka ci in ka iso?" Ka bar mata fura ko kunu, don hana ta komai ma wani laifin ne. In Baba ya nuna ba ya son cin abinci a bainar jama'a, kada ka matsa. Dattawa da yawa haka suke. A kawo masa nasa gida da zafinsa, sauran su fita da izininsa.

Duba jerin sunaye da idon kunya. In akwai suruki da surukarsa a cikin masu zuwa, ko amarya da uban mijinta, tebur guda zai sa wani ya tashi da yunwa. Irin wannan taro tebur biyu yake so. Ƙara kujeru biyu a kan lissafinka, domin da wuya a rasa gwaggo ko ɗan maƙwabta da zai faɗo a kan gaɓa.

Daga nan ka naɗa wakili, ka gaya wa kowa cewa daga bakinsa za a ji lokacin fita. Kai za ka kasance cikin layi, ko a sama waya a kashe. In mutum biyar suna kiranka, kowa da labarin da zai kai gida.

3. WAKILI YA JE GIDAN ABINCIN DA ƘAFARSA

Hoton Facebook ba ya nuna zafi ko hayaniya. Wakili ya je kwana biyu kafin ranar, da dare, daidai lokacin da kuke son zuwa, ya duba waɗannan:

- Akwai ɗaki ko lungun zaman iyali, inda mai niƙabi za ta ci abinci a sake?
- In an ɗauke wuta, janareto ko sola suna ɗaukar fanka da na'urar sanyaya ɗaki? Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi yana haura digiri 40 da rana, dare ma ɗaki ba ya hucewa da wuri.
- Sai an hau bene? Gwiwar dattijo ba ta son matakala.
- Ban ɗaki da ruwa, wurin sallah, wurin ajiye mota.
- Akwai talabijin ɗin ƙwallo? Daren Talata da Laraba in ana gasar zakarun Turai, da yammacin Asabar da Lahadi, irin wannan wuri na samari ne.
- Ƙarfe nawa kicin yake daina karɓar oda? Wannan daban yake da lokacin rufe ƙofa.
- Wane abinci ne ke ƙarewa da wuri? Galibi tuwo da miya su ne na farko.

Ya karɓi lambar manaja ko mai kula da kicin, ya rubuto farashi, ya faɗa musu gaskiya: baƙonmu a jirgi yake tafe, za mu tabbatar muku da lokaci da yamma. Kada a ba da kuɗin kafin alƙalami mai yawa sai an yi yarjejeniya cewa in jirgi bai zo ba za a mayar da odar tekawe ko a ɗaga ta zuwa gobe. Ya zaɓi wurin da bai yi nisa da gida ba. Mutanen Badariya ko Gesse ba su da dalilin ratsa gari da yara da dare in akwai wuri mai tsafta kusa.

4. HAƊA KAYA, DAREN JAJIBIRI

Yawancin kamfanonin cikin gida suna ba da kilo 20 zuwa 23 na akwati, kilo 6 ko 7 na jakar hannu. Naka yana rubuce a tikiti. Abin da ya haura, kuɗi ake biya a kan kowane kilo, kuma tsaraba ce ke jawo shi: turmin atamfa uku, takalman yara, kwalaben turare, sai ka ga sikeli ya wuce. In ba ka da sikelin kaya, hau na auna mutum riƙe da akwatin, ka sauka ka hau kai kaɗai, ka debe.

Wuƙa, almakashi, reza da abin yanke farce suna shiga akwatin aunawa. Kwalbar turare da man shafawa ma can, a ɗaure cikin leda biyu a cusa tsakiyar tufafi. Fawa-banki akasin haka ne: a jakar hannu yake tafiya, domin batirinsa yana iya kamawa da wuta, kuma a cikin ɗakin fasinja ne ake iya gani a kashe. Iyakar ƙarfin batirin fawa-banki da aka yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh. Mai 20,000mAh bai kai nan ba. Kuɗi, kwamfuta, takardu da magani su ma a hannunka.

Kayan daren da aka ambata a sama, dalilinsu shi ne akwati yakan yi ɓatan kai ko a bar shi sai jirgin gaba. Ɗaura wa akwatin ƙyalle mai launi a hannu, ka ɗauki hotonsa. Kada ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba, wanda ka sani ma a buɗe a gabanka.

In kamfanin yana ba da damar tantance kai ta intanet, yi tun daren ka zaɓi kujera. Mai saurin tashin zuciya ya zaɓi saitin fiffike, nan ne jirgi ya fi zama daram.

5. ZUWA FILIN JIRGIN ABUJA

Filin Nnamdi Azikiwe yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni. Lissafa a baya-baya: ka isa awa biyu kafin tashi, ka ba hanya awa guda, in kuma daga Mararaba, Nyanya ko Kubwa kake, ƙara wata awar. Yawancin kamfanoni suna rufe kantar auna kaya minti 45 kafin tashi, kuma in sun rufe sun rufe, ko da kana hango jirgin ta taga. Akwai jirgin ƙasa na cikin birni da ke zuwa har filin, amma sai ka san lokutan tashinsa tukuna.

Ko an turo maka saƙon cewa an ɗaga tashi da awa guda, kira ka tabbatar ko lokacin rufe kanta ma ya ɗaga.

6. AUNA KAYA, BINCIKE DA JIRA

A kanta za ka miƙa katin shaida, a auna akwati, a ba ka katin shiga jirgi tare da wata 'yar takarda mai lamba da ake liƙawa a bayansa. Wannan 'yar takardar ita ce shaidar akwatinka. Kada ta ɓace sai kaya sun dawo hannunka. Duba takardar da aka ɗaura wa akwatin ka ga garin da za ka ne a jiki.

A wurin bincike, fitar da waya, makullai, agogo da kwamfuta ka sa a tire, ka bi ta ƙofar na'ura. Mata mace ce ke bincikarsu. Da ka wuce, nemi ƙofar jirginka ka zauna kusa da ita, domin sanarwar lasifika ba kullum take fita tangaram ba, kuma jirgin da zai biya ta wani gari ana iya kiran sunan wancan garin da farko.

Ci abinci marar nauyi. Iskar cikin jirgi ba ta kai ta ƙasa matsi ba, saboda haka iskar da ke cikin ciki tana kumbura. Wake, alale da lemo mai gas kafin tashi suna sa mutum ya sauka da ciki a cushe, abincin daren kuma ya gagare shi. Shayi da burodi, ko ɗan shinkafa, da ruwa sun isa. In Azahar ta same ka a nan, tambayi wurin sallah ka yi ta, ka kuma riƙe alwala kafin shiga. Matafiyi yana da rangwamen kasaru da haɗa salloli; tambayi malaminka sharuɗɗan tun kafin ranar.

7. IN JIRGI YA MAKARA

Abu na farko, tambayi ma'aikacin ƙofa tambayar da ke da amfani: jirgin da zai ɗauke mu ya iso Abuja? In bai iso ba, daga ina yake zuwa, ya taso? "Nan da ɗan lokaci" ba amsa ba ce. Manhajar Flightradar24 tana nuna inda jirgi yake in ka sa lambarsa. Jirgin da bai taso daga Legas ba, ko da ya taso yanzu, sai ya yi kusan awa guda a sama, a sauke fasinja, a share, a sha mai, wato kana da aƙalla awa biyu kafin ka tashi. A Abuja akwai kuma tsaikon da ake yi in jirgin shugaban ƙasa zai tashi ko zai sauka.

Wakili ba ya motsa kowa sai ya sami saƙo guda daga gare ka: "Mun shiga, ana rufe ƙofa." Daga wannan minti ya ƙirga awa biyu: guda a sama, rabi na jiran kaya, rabi na hanya zuwa gida. Ku yanke iyakoki tun kafin ranar, don kada a yi ta ja-in-ja a waya:

- Ka sauka kafin 4:30 na yamma: shiri yana nan yadda yake.
- Tsakanin 4:30 da 6:30: wakili ya ba da oda ta waya, kai kuma ka taƙaita hutu.
- Magariba ta yi jirgi bai tashi ba: an fasa fita. Wakili ya karɓo tekawe, iyali su ci a gida, a ɗaga fita zuwa gobe.

Iyaka ta uku ce mutane ke ƙin bi. Sai a yi ta cewa a ƙara jira kaɗan, yara sun yi wanka sun sa kayan Sallah, har barci ya kwashe su a kujera da yunwa. Mai ciwon suga kuwa, musamman wanda ya riga ya sha magani ko ya yi allura, ba ya jiran jirgin kowa. A ba shi abincinsa a kan lokacinsa ko da za a fita daga baya.

Dokokin 2023 na NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, sun ba fasinjan cikin gida haƙƙi: makarar awa biyu, kamfani ya ba da abin sha da abin taɓawa, awa uku, kana iya neman a mayar maka da kuɗinka, in ta kai ka tsakanin 10 na dare da 4 na asuba, masauki da motar kai ka suna wuyansu. Hukumar tana da jami'an karɓar koke a filin jirgi. Sai dai ka yi lissafi kafin ka karɓi kuɗi, don sabon tikiti a farashin ranar za ka saye shi. Sau da yawa a mayar da kai jirgin gaba ya fi sauƙi.

8. CIKIN JIRGI

Lambar kujera tana jikin katinka. Jaka a ma'ajiyar sama ko ƙarƙashin kujerar gabanka, ɗaura bel, kashe waya. In jirgi ya shiga gargada, bel ɗin ne maganinta. Ledar amai tana aljihun kujerar gaba.

Kunne ne ke ba sabon shiga wahala, kuma wajen sauka ya fi tsanani. Minti 20 zuwa 25 kafin taɓa ƙasa jirgi yake fara gangarowa, matsin iska ya ƙaru, dodon kunne ya lotsa ciki. Fara tauna cingam da haɗiye yawu tun lokacin, kada ka jira sai ya toshe. In ya toshe, toshe hanci, rufe baki, ka hura a hankali. Jariri a ba shi nono, yaro a ba shi ruwa yana kurɓa. Mai mura ya fi shan wuya, ya nemi maganin buɗe hanci kafin tafiya. Kada ka yi barci a wannan lokacin, mai barci ba ya haɗiya sosai.

9. SAUKA A AMBURSA

Kunna waya, saƙon farko na wakili ne. Ɗauki akwati, ka gwada lambarsa da ta 'yar takardar nan, don baƙaƙen akwatuna duk kamanninsu ɗaya. In bai fito ba ko ya fashe, kada ka bar filin sai ka cike takardar rahoto wurin ma'aikacin kamfanin, ka karɓi kwafi da lambar waya. Wanda ya tafi gida ya dawo gobe da baki kawai, maganarsa ba ta da ƙarfi.

Mai ɗaukarka ya riga ka isowa. Filin yana wajen gari, tafiyar minti 20 zuwa 30 ce gwargwadon unguwa, kuma ba wuri ba ne da za ka fito titi ka tare ɗan kabu-kabu da akwati. In babu motar gida, wakili ya yi ciniki da direban da ya sani tun jiya. Lokacin jigilar alhazai a ƙara lokaci: daga wannan filin ne jirgin farko na maniyyatan Najeriya ya tashi a 2024, kuma duk lokacin jigila 'yan rakiya da 'yan tarba suna cika hanyar. Mutum ɗaya ko biyu sun isa tarba. Kwaso yara zuwa filin jirgi su wuni a rana yana ƙarar da ƙarfin da za su fita da shi da dare.

10. TSAKANIN SAUKA DA FITA

Gida za ka fara, ko da lokaci ya ƙure. Ka durƙusa ka gaida iyaye, ka kurɓi furar da aka dama maka, rabin kofi, ka yi wanka. In akwai sarari kwanta minti 30, kada ya wuce haka. Rabon tsaraba a bar shi sai an dawo ko sai da safe, in ba haka ba awa guda ta tafi.

Magaribar Birnin Kebbi tana bayan ta Abuja da 'yan mintuna saboda garin ya fi yamma. Tana kaiwa da komowa tsakanin wajen 6:15 a Nuwamba da wajen 7:10 a Yuli. Hanya biyu ce: a yi Magariba a fita nan take, a yi Isha'i a can ko bayan an dawo, ko kuma a jira Isha'i. In da ƙananan yara da dattawa, ta farko ta fi, tuwo bai ƙare ba kuma kafin 9 an dawo. Ta biyu ta manya ce zalla.

11. ZAMA DA BA DA ODA

Wakili ya riga kowa isa da minti 15, ya ga an haɗa tebura. Dattawa a zaunar da su nesa da ƙofa da lasifika, inda iskar na'ura ba ta dukansu kai tsaye. Yara kusa da iyayensu mata, bayansu ga bango.

Baki ɗaya ne ke ba da oda. Mutum goma suna magana lokaci guda, mai kawo abinci zai rubuta rabi ya ƙaga rabi. A rubuta a takarda tun a gida, a karanta masa, shi ma ya maimaita. Ga misali na manya shida da yara huɗu:

- Tuwon shinkafa da miyar kuka ko taushe, kwano biyu ko uku, na dattawa.
- Dafa-duka ko soyayyiyar shinkafa da kaza, faranti uku ko huɗu, na sauran manya.
- Yara 'yan ƙasa da shekara bakwai, biyu a faranti ɗaya, a nemi ƙarin faranti da cokali.
- Gasasshen kifi babba guda biyu a tsakiya. Ɗaya yana isar mutum uku in akwai shinkafa.
- Ruwa kwalba goma, uku daga ciki marasa sanyi.

Kifi shi ne abin alfaharinmu, daga Yawuri har Argungu, kuma shi ne ke ɓata lissafin lokaci da na aljihu. Gashi yana cin minti 30 zuwa 45, farfesun tarwaɗa ma kusan haka in sai an zo ake yankawa, don haka a ba da odarsa ta waya kafin a baro gida. Girma ne ke sa farashinsa: wakili ya ga kifin, a faɗi kuɗinsa, kafin ya hau wuta. Karfasa tana da ƙaya, ba ta yara ba ce sai babba ya zauna ya cire musu. Tarwaɗa da giwan ruwa sun fi tsoka. In ka buɗe kifi ka ga naman jikin ƙashin baya yana sheƙi ko da jini-jini, bai nuna ba, a mayar da shi.

A ce a sa yaji a gefe. Mai hawan jini a nema masa abin da aka dafa da ɗan gishiri, a kuma faɗa tun a waya, don miyar da ta riga ta nuna ba a cire mata gishiri da magi. A roƙa a fara kawo na dattawa da na yara. Kai da ka sha hanya, fara da ruwa da farfesu, ka ci a hankali. In abin da aka yi oda ya ƙare, karɓi abin da ke kan wuta a shirye; jiran a ɗora sabuwar tukunya da ƙarfe 8 na dare bai dace da mai yara ba.

12. BIYA DA TASHI

Tashi kamar za ka wanke hannu, ka je kanta ka biya. In takardar kuɗi ta zo tebur, Yaya zai ce shi ne babba, Kawu zai zaro walat, Inna kuma ta ji adadin ta ce an yi almubazzaranci. Gwada takardar da jerin odarka layi-layi. Kwalaben ruwa da lemo ne aka fi ƙirgawa ba daidai ba. Wasu wuraren suna ƙara harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wasu har da kuɗin hidima, abin da ya kamata wakili ya tambaya tun zuwansa na farko.

In na'urar POS ta ce bai yi ba alhali an cire maka kuɗi, karɓi 'yar takardar da ta fitar ka adana, ka biya da ɗaya katin ko tsaba, sannan ka bi bankinka. Kada ka sake zura katin nan take, ana iya cira sau biyu. In tiransifa ka yi, tsaya har su ga shigarta.

Odar tekawe ta mutanen gida, wato kaka, mai jego, mai gadi da duk wanda ya tsaya tsaron gida, a ba da ita tun ana tsakiyar ci, don ta fito daidai lokacin tashi. A ce miya a roba daban, tuwo a leda daban, a rubuta sunan kowa a murfi. Wanda zai riƙe ta a mota ya ɗora ta a cinya, kada a sa ta a but tare da akwati.